Inda Dogo Ya Ƙare

Littafin ba shi da bango sa'ad da ya zo hannuna.
Wani ɗan Poli ya manta shi a bencin shagona
inda nake cajin waya da tura fim, a Ƙauran Namoda.
Na buɗe don in kashe zafin azahar,
sai layin farko ya shaƙe ni:

"Mi kaka biɗa nan? Tahi ka ba mu wuri.
Mu tuni munka mutu, ba a dai ruhe mu ba."

Ban taɓa ganin bakinmu kwance a takarda ba.
A firamare jan biro ya sha jinin "munka" da "anka",
an ce "hwaɗi" kuskure ne.
Ga wani ya tsince kurakuranmu kakaf
ya gina gida da su, har da makewayi.

Ido kaɗai ba ya iya karanta shi,
sai leɓe ya motsa kafin ma'ana ta fito.
Ya yi warin kwata, warin sholisho a tsumma,
kodin da aka juye a gorar lemo
don kada dattijan bakin masallaci su gane.
A shafi na sittin da ɗaya
yaron ya kwance kan keken ɗinkin uwa tasa ya sayar.
Na kife littafin kwana uku.
Namu Marwana injin markaɗe ya ɗauka,
ya bar wa Inna ƙafafun katako huɗu da belt.

Da damina fim ɗin ya iso.
Ni na tura shi, naira ɗari ɗari,
waya ta fi ɗari biyu.
Sun wanke wa yaron baki da sabulun birni,
haƙoransa reras kamar bai taɓa tauna ƙwaya ba,
an shafa masa toka a ƙarƙashin ido
yana tangaɗi irin na mai wasa da yara.
Babu ƙuda ko ɗaya.
A ƙarshe ya yi kuka, an yi masa aski,
ya buɗe shagon atamfa.

Na yi tsaki har maƙwabcina mai faci ya leƙo.

Amma Inna ta ce in sa mata.
Ba ta kallon farkon.
Kullum bayan isha'i takan miƙo wayar:
"Kai min wurin askin."
Hasken ya kwanta a kumatunta,
ta ce, "Ka gani? Suna dawowa."
Ni da na san yadda littafin ya ƙare
sai in gyara mata sauti.

Ranar wata Laraba na bi dogo da ƙafa
har tsohuwar tasha, inda ƙarfe ya gaji ya tsaya,
inda ciyawa ta hau taragu.
Yana nan, zaune a inuwar wili,
wuyansa kamar na tsohon zabo.
Na tsuguna na karanta masa da ƙarfi.

Ya yi dariya har tari ya ƙwace ta.
"Wanga ya san mu," ya ce,
"amma nan ƙarya yay yi.
Ba sanyi aka hwara ji ba, ƙaiƙayi na,
awa tururuwa cikin ɓargo."
Ya tambayi Inna, bai jira amsa ba.
Ya tambayi ɗari biyar, ya jira.

Sannan ya karɓi littafin, ya juya shi ta baya,
ya yage shafin ƙarshe,
wanda aka tsinci yaron a kwalbati da asuba,
ya lallashe shi a gwiwa, ya naɗe,
ya lasa gefen, ya nemi ashana.

Na dawo da littafi babu bango, babu ƙarshe.
Hayaƙin ya biyo ni har kasuwa.